Yaron da ya ƙi magana: tsakanin zargin aljanu, gado da mahaɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa

A watan Mayun 2024 ne Gwamnan Jihar Kano, Alhaji Abba Kabir Yusuf, ya rattaba hannu a kan dokar da ta wajabta wa masu niyyar aure yin gwajin lafiya kafin a shafa fatiha. Daga cikin abubuwan da dokar ta ce a duba akwai cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon hanta, da kuma rukunin jini saboda gudun haifar 'ya'ya masu amosanin jini, wato sikila. Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro mai sikila ba zai yi jayayya da hikimar wannan doka ba. Sai dai na lura wata fahimta ta soma kama gindi a tsakanin jama'a, har da wasu masu ilimin boko, cewa da zarar takardar gwaji ta fito lafiya to an rufe ƙofar duk wata larurar gado. Wannan kuskure ne, kuma kuskuren da wata baiwar Allah za ta iya rasa aurenta a kansa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani yaro da na gani a Zinyau, can ƙasar Rano da Kibiya, lokacin da na je bikin wasu dangi. Shekarunsa ba za su wuce tara ba. Yana da doguwar fuska da manyan kunnuwa, ba ya yarda a haɗa ido da shi, kuma da makaɗa suka soma aikinsu sai ya toshe kunnuwa ya ruga bayan rumbu yana cizon bayan hannunsa. Da na gaishe shi sai ya mayar mini da gaisuwar yadda na faɗe ta, ya kuma yi ta maimaita ta da sauri har sau biyar ko shida. Na tambayi wata dattijuwa a gidan, na ce, “Goggo, tun yaushe yaron nan yake haka?” Sai ta ce, “Malam, ai bai buɗe baki ba sai da ya shekara huɗu. An yi rubutu, an yi turare, an kai shi wurin masu ruƙiyya. Kawunsa ma haka yake, yana nan da gemunsa amma ba ya iya sayen gishiri a kasuwa. Dangin uban sun ce daga gidanmu aka kwaso musu.”

Ni ba likita ba ne, kuma ba a gane larura irin wannan da ido, sai da gwajin jini na musamman. Amma a matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, abubuwa biyu sun tsaya mini a rai: yadda maganar yaron take, da kuma kalmar nan “kawunsa”. Dukkansu sun yi daidai da siffar wata larura da masana suka shafe shekaru fiye da 80 suna bincike a kanta, wadda za mu iya kira da Hausa larurar raunin X. Ita ce ta fi kowace larurar da ake gada daga iyaye haddasa tawayar fahimta a duniya. Ƙididdigar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta nuna tana samun kimanin namiji 1 cikin 7,000 da mace 1 cikin 11,000, kuma kusan rabin mazan da ke da ita suna nuna alamun larurar otizim.

Kafin mu shiga tarihinta, ya kamata mai karatu ya san wurin da matsalar take. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 wani masani ɗan ƙasar Sifen, Santiago Ramón y Cajal, ya nuna cewa waɗannan ƙwayoyi ba a ɗinke suke da juna kamar zare ɗaya ba, kowace zaman kanta take yi, sai dai tana miƙa rassa zuwa ga 'yan uwanta. Wurin da reshen wata ya kusanci wata shi ne mahaɗa, wadda Charles Sherrington na Ingila ya raɗa wa suna a 1897. A mahaɗar akwai ɗan gibi wanda faɗinsa kimanin kashi ɗaya ne idan aka raba milimita gida 50,000. Saƙo ba ya tsallake gibin nan sai ƙwayar da ke aikawa ta fesa wani sinadari, ita kuma mai karɓa ta kama shi da wasu 'yan ƙofofi da ke jikinta. Sinadarin da ya fi yawa wajen zaburar da jijiya sunansa gulutamet, akwai kuma GABA wanda aikinsa kwantar da ita. A jikin rassan ƙwaya mai karɓa akwai wasu 'yan tsiro kamar ƙayoyi, kuma a kan ƙayoyin nan ne akasarin mahaɗun masu zaburarwa suke zaune.

Duk abin da muke kira koyo, daga hardar allo zuwa tuƙin mota, canji ne a ƙarfin waɗannan mahaɗu. Wadda ake yawan amfani da ita sai ta ƙara ƙofofi, ƙayarta ta yi kauri ta yi kai kamar naman kaza. Wadda aka yi watsi da ita sai ta rage ƙofofi, ta yi rauni, daga baya a cire ta. A 1979 wani likita a Jami'ar Shikago, Peter Huttenlocher, ya ƙirga mahaɗu a ƙwaƙwalen mutane masu shekaru daban-daban, ya tarar cewa na yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu sun fi na baligi yawa nesa ba kusa ba, sannan su yi ta raguwa har zuwa balaga. Manomin gero ba zai yi mamakin wannan ba. Yakan zuba iri da yawa a rami, idan ya tsiro sai ya bi ya rage, ya bar masu ƙarfi, don ya san cunkoso ba ya ba da zangarniya.

Mu masu nazarin harshe muna ganin sawun wannan ragewa ƙuru-ƙuru. A 1984 Janet Werker da Richard Tees suka nuna a Kanada cewa jariran da ake reno da Ingilishi suna iya rarrabe wasu sautukan harshen Hindi idan suna da wata 6 zuwa 8, amma kafin su cika shekara wannan baiwa ta dusashe. Wannan ne dalilin da ya sa ɗan Bahaushe yake jin bambancin “bari” da “ɓari”, ko “kafa” da “ƙafa”, ba tare da an zaunar da shi an koya masa ba, alhali Baturen da ya zo da girmansa sai ya sha fama da baƙaƙenmu masu ƙugiya da karin sautinmu. Kunnen jariri yana sassaƙa kansa ne daidai da harshen da yake ji. To idan na'urar sassaƙar ce ta sami matsala fa?

A nan ne larurar raunin X ta shigo. A 1943 wasu masana biyu a Ingila, James Purdon Martin da Julia Bell, suka ba da rahoton wani gida da tawayar fahimta ke bin 'ya'ya maza ta wajen uwaye. A 1969 Herbert Lubs ya hango a madubin ƙara girma cewa ƙarshen kuromozom ɗin X na irin waɗannan mutane ya tsuke kamar zai ɓalle, daga nan sunan ya samo asali. Sai a 1991 ne ayarin masana daga Amurka da Holan suka gano ainihin ƙwayar gadon da abin ya shafa, aka sa mata suna FMR1.

Abin da aka gani a cikinta zai burge duk ɗalibin nahawu. Saƙon gado rubutacce ne da haruffa huɗu kacal, A da C da G da T. A farkon FMR1 akwai wata gaɓa mai haruffa uku, CGG, wadda ake maimaitawa, kamar yadda Hausa ke ninka kalma a ce maza-maza ko sannu-sannu. A jikin yawancin mutane ninkin bai kai 45 ba. Idan ya kai tsakanin 55 da 200, mutum yana ɗauke da share fagen larurar, ko da yake shi kansa galibi lafiyarsa ƙalau a ƙuruciya. Idan ya haura 200, sai jiki ya liƙa wa wurin wasu 'yan sinadarai da ke rufe ƙwayar gadon ruf, kamar an garƙame shago. Daga nan ba za a ƙara ƙera furotin ɗin da take ba da umarnin ƙerawa ba, wanda ake kira FMRP.

Mene ne aikin wannan furotin? Mahaɗa tana nesa da cibiyar ƙwayar jijiya, kamar ƙauye da birni. Don haka ba ta jiran a aiko mata da kayan gyara daga can, tana da 'yar maƙerarta a gefe, da kwafin takardun umarni a ajiye. FMRP shi ne mai riƙe da takardun nan, ba ya sakin su sai saƙo ya zo cewa lokacin aiki ya yi. Binciken da Jennifer Darnell da abokan aikinta suka wallafa a 2011 ya nuna yana riƙe da irin waɗannan takardu fiye da 800 a ƙwaƙwalwa, da yawansu na ginin mahaɗa ne. A taƙaice dai birki ne. Idan babu shi maƙera ba ta hutawa, ana ta ƙira ko an buƙata ko ba a buƙata ba.

A 2002 Kimberly Huber da Mark Bear suka gano inda rashin birkin ya fi yin ɓarna, ta hanyar nazarin ɓerayen da aka cire wa wannan ƙwayar gado. Akwai wata ƙofar gulutamet mai suna mGluR5, wadda idan aka taɓa ta takan ba maƙera umarnin ƙera furotin da ke janye sauran ƙofofi zuwa ciki, mahaɗa ta yi rauni. A ƙwaƙwalwa mai lafiya wannan abu ne mai amfani, da shi ake rage cunkoso. A ɓerayen nan kuwa raunanawar ta wuce kima. Da aka duba ƙwaƙwalen mutanen da suka rasu da larurar, sai aka ga ƙayoyinsu dogaye ne sirara, masu yawa, irin na jarirai, ba su nuna ba. Wato an rasa daidaito tsakanin abin da za a ƙarfafa da abin da za a cire. Haka kuma an ga ɓangaren GABA mai kwantar da jijiya ya yi sanyi. Wannan ya taimaka wajen fahimtar dalilin da ƙarar kalangu, wadda ke sa sauran yara rawa, take zame wa irin wannan yaro azaba, da dalilin da wasunsu ke farfaɗiya, da kuma yadda kalma ɗaya ke maƙale masa a baki ya yi ta nanata ta.

Da Bear da Huber da Stephen Warren suka tsara wannan bayani a 2004, duniya ta ɗauka magani ya kusa. A 2007 aka rage ƙofofin mGluR5 da rabi a jikin ɓerayen, alamu da dama suka gyaru. Manyan kamfanonin magunguna biyu, Novartis da Roche, suka ƙera ƙwayoyin da ke toshe ƙofar, aka gwada a kan mutane. A 2014 dukkansu suka dakatar da aikin, domin waɗanda suka sha maganin ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar bogi samun sauƙi ba. Masana sun kawo dalilai: ɓera ba mutum ba ne, an gwada maganin a kan matasa da manya bayan lokacin sassaƙa ya wuce, sannan ma'aunan da aka yi amfani da su wajen gane sauƙi ba su da kaifi. Wannan dalili na ƙarshe ya sa wasu masu bincike suka koma naɗar maganar yaran suna auna tsawon jimlolinsu da yawan kalmominsu. Har yau dai maganin da ke kawar da larurar bai samu ba, sai na rage wasu alamu.

Duk da haka ba a fid da rai ba, saboda abin da aka gani a wata larura 'yar uwarta, larurar Rett, wadda ta fi kama 'ya'ya mata. Yarinya takan soma girma lafiya, sai tsakanin wata 6 da 18 ta tsaya, daga baya kalmomin da ta koya su zube, hannuwanta su daina yi mata aiki. Huda Zoghbi, likita haifaffiyar Beirut, ita ce ta jagoranci gano ƙwayar gadon a 1999. A 2007 ayarin Adrian Bird a Edinbara suka sake kunna ƙwayar a jikin ɓerayen da larurar ta riga ta kama, suka farfaɗo. Darasin shi ne jijiyoyin ba su mutu ba, mahaɗunsu ne ba su daidaita ba. A watan Maris na 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da magani na farko na larurar Rett, ko da yake sauƙi yake kawowa, ba warkewa ba.

Yanzu mu dawo kan kawu. Namiji yana da X ɗaya, daga uwarsa ya samo shi. Mace tana da biyu, don haka idan ɗaya ya sami matsala ɗayan yakan rufa asiri, shi ya sa larurar ta fi tsanani ga maza. Uba ba ya ba ɗansa namiji X, amma yana ba duk 'ya'yansa mata. Ninkin nan kuma yana tsallakawa ya haura 200 ne idan ya biyo ta jikin uwa. Saboda haka a gida guda za a iya ganin larurar ga yaro da kawunsa da ɗan innarsa, ba ga baffansa ba. To amma kafin dangin miji su ce “ai mun faɗa”, su sani cewa mai yiwuwa ita uwar daga mahaifinta ta karɓo, shi kuma dattijo ne mai mutunci da bai taɓa sanin yana ɗauke da komai ba. Wani lokaci alamar da ke bayyana gare shi ita ce rawar hannu da tangaɗi bayan ya haura shekara 50, abin da Randi Hagerman ta bayyana a 2001. Cikin matan da ke ɗauke da share fagen kuwa, kimanin 1 cikin 5 al'adarsu takan ɗauke kafin shekara 40. Babu wanda ya zaɓi abin da ya gada, kuma babu hannun kishiya ko maƙwabciya a ciki. Ya kamata a kuma lura cewa wannan larura ba ta buƙatar iyaye biyu su haɗu a kanta kamar sikila, don haka ba auren zumunci ne ke kawo ta ba, kuma gwajin rukunin jinin da ake yi kafin aure ba ya ganin ta.

Wani zai ce to a sa ta cikin dokar mana. Ban goyi bayan haka ba. Gwajin yana da tsada, yana buƙatar ɗakin bincike na musamman, kuma a al'ummar da har yanzu ake yi wa mai sikila gori, tilasta shi zai zama hatimin da za a buga wa 'yan mata a hana su aure. Gwajin ya dace ne da gidan da aka ga alamu, bisa yardar masu gidan, tare da mai ba da shawara da ya san sirri. Haka kuma gaskiya ce cewa a karkararmu abubuwan da suka fi lalata ƙwaƙwalwar yara ana iya kauce musu: doguwar naƙuda, shawarar jarirai, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, tamowa, da guba irin ta dalma wadda ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. Kuɗin gwamnati can ya kamata ya fara zuwa.

Abin da za mu iya yi yau, ba tare da jiran Turai ba, shi ne gano yaran da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma kimiyyar mahaɗa ta tabbatar da wannan karin magana. Uwaye suna kai jarirai rigakafin ƙyanda a wata 9 da wata 15. Me zai hana ma'aikaciyar lafiya a asibitin sha-ka-tafi na Kibiya ko Babban Asibitin Rano ta yi tambayoyi uku ko huɗu a lokacin? Yana waiwayowa idan an kira sunansa? Yana gwalantu? Yana nuna abu da yatsa? Yaron da ya kai wata 18 babu kalma ko ɗaya, ko shekara biyu bai haɗa kalmomi biyu ba, ko ya yi magana ta ɗauke, a fara duba kunnensa, sannan a tura shi ga likitocin yara a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Addu'a ba ta hana wannan tafiya, tafiyar ma ba ta hana addu'a.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyanmu mu malaman harshe. Yawancin ma'aunan ci gaban magana an gina su ne da Ingilishi don 'ya'yan Turawa. An daidaita wasunsu da harsuna da dama, har da Swahili a Kenya. Sassan Hausa na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tare da sashen ilimin masu buƙata ta musamman da likitocin yara, su ne ya kamata su tattara kalmomin farko na ɗan Bahaushe, su tantance lokacin da yake kama jam'i da jinsi da karin sauti, don likita ya sami sikelin da zai auna ɗan Zinyau da shi. Cibiyar da ta iya fitar da Ƙamusun Hausa a 2006 ba za ta gaza wannan ba.

Sannan a gyara suna. Muna da dolo, da gaɓo, da wawa, da ɗan ruwa, dukkansu zagi ne ko tsoro. Kalmar galahanga da 'yan jarida ke amfani da ita an ɗora mata larurori daban-daban waɗanda ba su haɗa asali ba. Mun ga yadda aka yi da shan inna: sunan ya samo asali ne daga imanin cewa aljana ce ke shanye ƙafar yaro, amma da aka fahimtar da jama'a cewa ƙwayar cuta ce, Kano da ta ƙaurace wa rigakafi a 2003 ta ga na ƙarshe da ainihin ƙwayar ta kama a 2014, aka kuma tabbatar Nijeriya ta rabu da ainihin ƙwayar a 2020. Fahimta tana canzawa idan an yi wa mutane bayani da harshensu.

A ƙarshe, dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har zuwa sakandare. Makarantar Tudun Maliki da ke birnin Kano ta yi nisa da yaron da ke Zinyau, don haka sai malamin firamaren garinsu ya sami horon da zai karɓe shi. Yara masu raunin X suna da ƙarfin kwaikwayo, suna koyo da abin da suka gani fiye da abin da aka faɗa musu, suna son tsari marar canzawa da wuri marar hayaniya. Da yawansu za su iya kiwo da aikin gona da sana'ar hannu idan an bi su a hankali. Na baro garin ina tunanin uwar yaron nan, wadda ke ɗauke da ɗawainiyarsa da kuma zargin dangin miji a lokaci guda. Ɗawainiyar ba za mu iya sauke mata ita gaba ɗaya ba, amma zargin, wannan kam ilimi ya isa ya sauke shi. Allah Ya ba mu ikon yi.